Yadda matafiyi zai gane telan kirki a birnin Bankok

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina roƙon fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in ja hankalin 'yan uwa masu zuwa ƙasar Tailan, ko fatauci ne ya kai su, ko jinya, ko taro, waɗanda kan so su yi amfani da damar su ɗinko kwat da wando ko 'yan riguna. Bankok ta yi suna a ɗinki, kuma sunan ba na banza ba ne, akwai masu hannu ƙwarai a garin. Sai dai yawan shagunan ya sa na kirki da na bogi sun cakuɗe, kuma daga waje duk kamarsu ɗaya: gilashi tsaf, gumakan talla sanye da kwat, bandir-bandir na yadi har rufi. Baƙo da yawa kan biya kuɗi mai kauri ya dawo da kayan da ba za su yi masa shekara ba.

Abu na farko da ya kamata mutum ya sani shi ne, shagon da ya shiga galibi ba nan ake ɗinkin ba. Yawancin shagunan da ke bakin manyan tituna wurin karɓar aiki ne kawai. Mai shago ya nuna maka yadi, ya auna ka, ya rubuta, sannan a ɗauki yadin da takardar awon a babur zuwa wani ɗakin ɗinki a bayan gari ko cikin lungu. Can ne ake yanka, can ake haɗawa, kuma ɗaki guda yakan yi wa shaguna da dama aiki. Sau da yawa ma mai ɗinka kwat daban, mai wando daban, mai shat daban. Wannan tsarin shi kaɗai ba aibi ba ne. Aibin yana zuwa ne idan wanda ya riƙe almakashi bai taɓa ganin jikinka ba, lambobi kawai aka miƙa masa. Tef ba ya faɗin cewa kafaɗarka ta dama ta fi ta hagu sauka, ko kana tafiya a ɗan sunkuye, ko tumbi ya turo gaba. Ido ne ke ganin wannan. Don haka tambayar da za ka fara yi, tun kafin maganar kuɗi, ita ce: wa zai yanka yadin, kuma zai zo ranar gwaji ya gan ni da idonsa? Shagon kirki zai amsa kai tsaye, wani ma ya kira mutumin ka gan shi da alli a hannu da kushin allura a damtse. Wanda ya fara kwana-kwana a kan wannan tambaya, ka yi masa sallama.

Teloli sun fi yawa a titin Sukhumvit, musamman tsakanin tashoshin jirgin sama-da-titi na BTS na Nana da Asok zuwa Phrom Phong. Akwai kuma a Silom da Surawong, da tsohon titin Charoen Krung kusa da manyan otal-otal na bakin kogin Chao Phraya. Na titin Khao San sun fi araha kuma sun fi gaggawa, domin masu yawon buɗe ido na 'yan kwanaki suke hari. Pratunam, inda 'yan kasuwarmu suka fi sani, wurin sarin kayan da aka riga aka ɗinka ne, ba nan ake neman telan kwat ba. Da yawa daga masu shagunan Sukhumvit 'yan Tailan ne 'yan asalin Indiya, akasari mabiya addinin Sikh, waɗanda kakanninsu suka zo daga Punjab suka kafa kasuwancin yadi a unguwar Phahurat. Suna jin Turanci sosai, wannan kuma sauƙi ne ga baƙo. Amma iya magana daban, iya ɗinki daban.

Duk wanda ya tare ka a titi yana miƙo hannu yana kiran ka aboki, yana cewa ka shigo ka ga yadi, ka wuce abinka. Shagon da aikinsa ke dawo masa da mutane ba ya ajiye yaro a bakin ƙofa. Haka direban tuk-tuk, wato a-daidaita-sahun garin, da zai ce zai zagaya da kai gari a kuɗi kaɗan, ko mai tsayawa kusa da Babbar Fadar Sarki yana cewa yau a rufe take, bari a kai ka wani wuri kafin a buɗe. Tsohuwar dabara ce, ƙarshenta shagon ɗinki ko na duwatsun ado, kuma la'adar direban a cikin kuɗin kwat ɗinka za ta fito. Ko ma'aikacin otal ne ya ba ka kati, ka ɗauka yana da kamasho har sai ka tabbatar ba haka ba. Shawarar da ta fi amfani ita ce ta wanda ke zaune a garin yana sa kwat zuwa aiki kullum, kuma kayan da aka ɗinka masa sun sha wanki. Yabon da ke intanet shi ma sai da lura, domin wasu shagunan tun kana tsaye suke roƙon ka rubuta, kafin kayan su ga rana. Ka tsallake masu tauraro biyar na layi ɗaya, ka nemi na waɗanda suka dawo karo na biyu ko na uku, ka kuma karanta ƙorafe-ƙorafen ka ga yadda mai shagon ya amsa.

Sai lokaci, wanda a ganina shi ne ke kashe yawancin ɗinkin baƙi. Allon da ke cewa za a gama kwat cikin awa 24 gaskiya yake faɗa, za a gama, amma ba a jikinka aka gina shi ba. Kwat na kirki yana son gwaji biyu aƙalla, uku ya fi. Ka ware kwana biyar zuwa bakwai na aiki, manyan teloli kuwa sukan nemi mako biyu ko fiye. Dabarar ita ce ka je wurin tela a ranar farko ko ta biyu da saukarka, kafin ka shiga hidimar kasuwa ko asibiti, sannan ka faɗa masa ranar tafiyarka da ragin kwana biyu. Idan ya san jirginka gobe da asuba ne, zai kawo kayan otal da daddare, lokacin da babu sauran damar gyara, kai kuma dole ka karɓa. Ka lura da ranakun hutu: ɗakunan ɗinki da yawa ba sa aiki ran Lahadi, kuma a bikin Songkran, wato sabuwar shekarar gargajiya ta ƙasar, 13 zuwa 15 ga Afrilu, ma'aikata kan tafi garuruwansu, aiki ya tsaya kusan mako. Ƙarshen Disamba ma haka.

Yanzu yadi, inda aka fi cin baƙo. Za a jawo maka bandir a ce ulu ne na Italiya, ko a ce kashmiya, a nuna maka rubutun zinare a bakin yadin. Rubutun nan ba hujja ba ne, domin ana saƙa shi a bakin kowane irin yadi. Mafi yawan abin da ke cikin tayin araha haɗin foliyesta ne da rayon, wanda 'yan kasuwar yadi ke kira TR. A cikin sanyin shago yana da kyau, yana da santsi, ba ya yamutsewa. Fita da shi rana sai ka ji kamar an rufe ka, saboda ba ya shan gumi kuma ba ya barin iska ta ratsa, bayan 'yan watanni kuma gwiwa da mazaunai su fara ƙyalli. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne na wuta. Ka nemi ɗan ƙyalle, ka zare zare kaɗan daga tsaye da kuma daga kwance, domin wani yadin ana haɗa iri biyu, ka fita waje ka kusanta da ashana. Ulu yana warin gashi da ya ƙone, ba ya son kamawa, yana mutuwa da kansa, kuma abin da ya bari yana murtsukewa ya zama gari a yatsa. Foliyesta narkewa yake, ya dunƙule ya zama ɗan ƙwallo baƙi mai tauri. Auduga tana ci kamar takarda, ta bar toka mai laushi. Idan ka ji warin gashi amma ka sami ƙwallo mai tauri, haɗi ne. Haɗin ba laifi ba ne in an faɗa maka gaskiya aka kuma sa masa farashinsa. Mai shagon da ya hana ka ƙyallen gwaji ya riga ya ba ka amsa.

Yadin waje na gaskiya yana zuwa ne cikin littafin samfur na masaƙar da ta yi shi, kowane ƙyalle da lambarsa da nauyinsa da abin da aka yi shi da shi. Sunayen da za ka ci karo da su sun haɗa da Vitale Barberis Canonico, Reda, Loro Piana da Zegna daga Italiya, da Holland & Sherry, Dormeuil da Scabal. Irin wannan ba kasafai ake jibge shi a shago ba, sai ka zaɓa a yi oda, don haka yana ƙara kwanaki. Ka ce a nuna maka yankin kafin a sa masa almakashi, a kuma ba ka tambarin masaƙar da ke zuwa tare da shi.

Kada lambar Super da ake rubutawa a jikin yadin ulu ta ruɗe ka. Ba ma'aunin inganci ba ce, sirantar gashin ulun take nunawa. Super 100 yana nufin kaurin silin bai wuce maikron 18.75 ba (maikron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), kuma duk ƙarin goma a lambar ragin rabin maikron ne, wato Super 120 yana 17.75, Super 150 kuma 16.25. Idan lamba ta hau, yadi yana ƙara laushi da tsada, amma yana rage juriya, ya fi saurin yamutsewa da cinyewa a tsakanin cinyoyi. Mai sawa kullum ya tsaya tsakanin 100 da 130. In aka nuna maka Super 180 a farashin da bai taka kara ya karya ba, ƙarya ce kawai. Abin da ya fi lambar muhimmanci ga mai zama a ƙasa mai zafi shi ne nauyi da saƙa. Ka nemi giram 220 zuwa 260 a mita, da saƙa mai ɗan buɗewa. Ɗaga yadin ka duba ta haske, in kana hango ƙananan ƙofofi, iska za ta wuce. Damƙe shi a tafin hannu na ɗan lokaci ka saki, ulu mai kyau zai miƙe da kansa. Lilin ya fi kowa sanyi amma yamutsewa halinsa ne, wanda ba zai jure ba ya nemi haɗin ulu da lilin. Ka kuma fita da yadin bakin ƙofa ka ga launinsa a hasken rana, fitilun shago suna mayar da shuɗi mai duhu kamar baƙi.

Ga mai son sayen yadinsa da kansa, Phahurat da Sampeng a gefen unguwar Sinawa nan ne kasuwar. Kwat da wando na mutum matsakaici yana cin mita uku zuwa uku da rabi a yadi mai faɗin santimita 150, wando kaɗai kusan mita ɗaya da rabi. Mai jiki, ko mai son yadi mai layi ko ɗaki-ɗaki, ya ƙara rabin mita domin a daidaita zanen. Ka tambaya da mita ake aunawa ko da yadi, dukansu ana amfani da su, kuma yadi guda santimita 91 ne da 'yan kai. In hali ya yi, a ɗinka wando biyu ga kwat ɗaya, tunda wando ne ke riga mutuwa.

Bayan yadi sai abin da ke cikin ƙirjin kwat, wanda ido ba ya gani. Tsakanin yadin waje da shafin ciki akwai wani abu da ke ba gaban kwat tsayuwa. Hanya mai araha ita ce a manna wani yadi mai gam da zafin guga. Hanya mai kyau ita ce a ɗinka kanbas na ulu da gashin doki a ciki, ya zauna a sake yana bin jiki. Akwai ta tsakiya, kanbas a ƙirji da kwala, gam daga nan zuwa ƙasa, kuma ita ce ta fi dacewa da aljihun yawancin mutane. Illar gam ita ce zafi da gumi da wankin sinadari suna sa ya saki, sai gaban kwat ya yi bororo-bororo, kuma babu gugar da ke mayar da shi. Ana ganewa da yatsu. Kama yadin waje da hannu ɗaya a ƙasan maɓalli na ƙarshe, kama shafi da ɗaya hannun, ka raba su a hankali. In ka ji wani abu na uku yana yawo a tsakani, kanbas ne har ƙasa. In babu, kuma yadin gaba ya fi na hannun riga kauri da tauri, gam ne. Ka sake gwadawa a ƙirji don ka san ko rabi ne. Yi wannan a kan kwat ɗin wani da aka gama yana jiran mai shi, kada ka yi a kan na jikin gunkin talla, wanda watakila ba su ne suka ɗinka ba.

Shafi ma a yi maganarsa. An sha ɗinka ulu mai kyau a lulluɓe shi da shafin foliyesta, sai amfanin ulun ya tafi. Ka nemi Bemberg ko bisko, wato yadukan shafi masu santsi da shan gumi, kuma a yi rabin shafi, bayan kwat ya zauna a buɗe. Maɓallai na ƙaho sun fi na roba, zif kuma ya zama na kamfanin YKK. Ɗan uwa Musulmi ya tuna da hukuncin alharini ga maza, domin akan ba da shafin siliki ko laktaye na siliki a matsayin kyauta, wasu yaduddukan kwat ma akwai siliki a haɗinsu.

Ranar awo ka zo da takalmin da za ka riƙa sawa da kayan, da shat mai dogon hannu. Ka tsaya yadda ka saba tsayuwa, kada ka haɗiye ciki ko ka bankare ƙirji, in ba haka ba za a ɗinka wa wani mutum ne daban. Awon kirki yana ɗaukar lokaci, ana duba gangaren kafaɗa da tsayin kowane hannu daban. Ka kawo hoton irin abin da kake so, ko mafi kyau kwat ɗin da ya taɓa zauna maka daidai. Salon da shagunan suka fi sabawa da shi matsattse ne kuma gajere, don haka mai son walawa, musamman wandon da zai yi ruku'u da sujada da shi, ya faɗa tun farko a ƙara zurfin wando da faɗin cinya.

A gwajin farko ya kamata ka ga kwat da bai ƙarasa ba: farin zare na wucin gadi, babu shafi, hannu ɗaya ko babu ko ɗaya. Haka ake so, don a nan ne ake iya warwarewa a gyara. In an kawo shi a gama tun gwajin farko, gyaran da ya rage kaɗan ne. Fara da kafaɗa, ita ce ba ta gyaruwa daga baya sai da tsada: ɗinkin ya ƙare daidai inda ƙashin kafaɗarka ya ƙare, babu lotsawa a ƙasansa. Kwalar kwat ta kwanta a kan kwalar shat ta baya, ko ka juya kai kada ta bar rata. Ninki a kwance ƙarƙashin wuya ta baya alama ce yadin bayan ya yi tsawo ko kafaɗarka ta fi yadda aka yanka miƙewa. Ɓalla maɓallin tsakiya, in yadi ya ja ta kusurwa huɗu daga maɓallin, ya matse. Tafin hannunka ya shiga tsakanin ƙirji da kwat ba tare da kokawa ba. Hannun kwat ya bar santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi na hannun shat a waje, tsawonsa kuma ya rufe mazaunai. In hannun yana murɗewa alhali ka sake hannuwanka, an dasa shi a karkace ne, sai an cire an sake juya shi. A wando, aljihun gefe da ke wage baki yana nufin ƙugu ya matse. Ka zauna a kujera, ka tsuguna, ka ɗaga hannu, ka taka 'yan taku. Ka sa a ɗauki hoton bayanka da wayarka, ba komai madubi ke nunawa ba. Duk gyaran da aka yarda da shi a sa alli ko allura a wurin, ka ɗauki hoto, don a gwaji na biyu ka bi ɗaya bayan ɗaya. Kalmar da za ka fi ji ita ce guga za ta gyara. Guga tana kwantar da yamutsi, ba ta gyara yanka. Ka kuma ce a bar rarar yadi santimita uku zuwa huɗu a ɗinkin bayan wando saboda ranar da jiki zai ƙaru.

Shat ya fi sauƙi, shi ya sa ya dace a fara gwada tela da shi. Ba da guda ɗaya, ko wando ɗaya, ka gani kafin ka zuba kuɗin kwat. Auduga tana ɗan tsukewa a wankin farko, don haka ka wanke na gwajin kafin a yanka sauran. Yatsu biyu su shiga tsakanin wuya da kwala in an ɓalla. Ɗinki ya zama ƙanana kuma a jere, kusan 18 ko fiye a inci guda, layukan yadi su haɗu a kafaɗa da aljihu, ramin maɓalli kuma kada ya zama da zare a tsaitsaye.

Kaftani da jamfa ba aikinsu ba ne, bayani da baki ba zai wadatar ba. Amma sun iya kwaikwayo ƙwarai. In ka kawo wanda ya yi maka daidai, za su kwafe shi, sai dai ka ja kunne kada a matse shi kamar shat, kuma ka nuna tsagar gefe da aljihu. Shadda ka zo da abarka, ka kuma gargaɗe su kan ruwa da tururin guga saboda ƙyallinta. Babbar riga da aikinta kuwa a bar wa masu ita.

Mata su sani yawancin shagunan nan ɗinkin maza suka ƙware a kai, ko da allo ya ce suna yin na kowa, kuma namiji ne ke awo. 'Yar uwa ki tambaya ko akwai mace mai aunawa, ki kuma ce a nuna miki rigar mata da suka gama. In silikin Tailan kike so, akwai tambarin ɗawisu da hukuma ke bayarwa mai launi huɗu: na zinare da na azurfa saƙar hannu ne, shuɗi siliki ne zalla ko da inji ya saƙa, kore kuma an haɗa shi da wani zare. Na hannu yana da 'yan ƙulle-ƙulle a jikin zaren, launinsa yana sauyawa in kin juya shi a haske, kuma faɗinsa kusan mita ɗaya ne kawai, don haka doguwar riga za ta ci fiye da yadda kika saba. Teloli a can sukan manna masa yadin gam ta ciki don ya tsaya. Yana kyau ga siket da 'yar sama, amma yana kashe zubin abaya, sai ki faɗa tun farko in ba kya so. Kamfanin Jim Thompson, Ba'amurken da ya fitar da silikin ƙasar ga duniya bayan yaƙin duniya na biyu tare da masaƙa Musulmi na unguwar Ban Krua, yana da tsada, amma shiga shagonsu a taɓa yadin yana koya wa hannu yadda na gaskiya yake.

Farashi yana sauyawa, amma a ƙiyasce kwat da wando mai matsakaicin kyau yakan kama daga baht (kuɗin ƙasar) 8,000 zuwa 15,000, na yadin Turai da kanbas kuma daga 20,000 zuwa sama, shat daga 1,000 zuwa 2,500. Tayin kwat biyu da shat biyu da laktaye a kuɗin da bai kai na yadin ulu kaɗai ba, araha ce da ba ta ado. Ana ciniki, amma in ka matse farashi da yawa, a shafi da maɓalli da ɗakin ɗinki mai arha za a fanshe. Gara ka nemi ƙarin shat ko wando a kan kuɗin. Kafin alƙalami kada ya wuce rabi, sauran sai ka sa kayan a jikinka ka gamsu. Biya da kati ya fi ba ka madafa in rigima ta taso, ko da wasu shagunan na ƙara kusan kashi 3 cikin ɗari. Rasit ya ƙunshi lambar yadi da abin da aka yi shi da shi, irin ƙirji, irin shafi, yawan gwaji, ranar karɓa, da cewa gyara kyauta ne. A maƙala ƙyallen yadin a jikin rasit, ka riƙe, domin musanya yadi bayan an zaɓa yana faruwa. Kada shekarar da ke kan takarda ta ba ka mamaki, ƙasar tana amfani da kalandar Buddha wadda ta ɗara ta Miladiyya da shekara 543, wato 2568 ita ce 2025. Harajin VAT kashi 7 ne, kuma baƙo na iya neman a mayar masa a filin jirgi in shagon yana cikin tsarin kuma sayayyar ta kai baht 2,000 a rana guda, da fom mai suna P.P.10 da ake cikewa a shagon da fasfo.

In aiki ya ɓaci, kada ka ɗaga murya. A al'adarsu wanda ya yi ihu shi ya faɗi, kuma mai shago da aka kunyata gaban mutane ba zai motsa ba. Nuna aibin a nitse, ka ajiye rasit da hotuna a kan tebur, ka ce ba za ka cika kuɗi ba sai an gyara. In abin ya ƙi, 'yan sandan masu yawon buɗe ido suna lamba 1155 kuma suna jin Turanci, hukumar kare haƙƙin masu saye kuma tana 1166. A yi hattara da rubuta zagi a intanet kana cikin ƙasar. Ɓata suna laifi ne na hukunci a dokarsu, wanda aka yaɗa a rubuce yana iya kai mutum ɗaurin shekara biyu da tarar baht 200,000, kuma a 2020 an tsare wani Ba'amurke kan abin da ya rubuta game da wani otal a tsibirin Koh Chang.

Alkawarin za mu aiko maka da shi gida kada ka karɓa daga shagon da ba ka taɓa hulɗa da shi ba, balle ka biya duka. In ka sami wanda aikinsa ya yi, ka ce ya adana awonka da takardar yankanka, ka karɓi lambarsa ta manhajar LINE ko WhatsApp, odar gaba sai ta zo da sauƙi. Waɗannan matakan su ne dai a Chiang Mai, inda ake samun yadi a kasuwar Warorot, haka a Pattaya da Phuket. Sai dai a garuruwan bakin teku ɗinkin gaggawa ya fi yawa, wanda zai bi ta Bankok gara ya ba da aikinsa a Bankok ɗin, ya yi gwajin farko kafin ya wuce, na biyu kuma in ya dawo.

Na gode, Edita, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Mai karanta jaridarku a kullum